Ranar da Na Naɗe Wayata a Jiƙaƙƙen Buhu

Jama'a, ni Adum Barka, wanda dorina ta kifar wa da kwale-kwale sau biyu a kogin Shari ya fito da hularsa a ka, ni da aka yi ta harbe-harbe a garin nan ban taɓa gudu ba (Jimadum, maƙwabcina da ke rubuta mini wannan, ya ɗago yana kallona, rubuta, malam, tsallake kogi zuwa Kuseri sayen sukari ba gudu ba ne), ni ne ranar Talata 'yar waya mai faɗin tafin hannu ta kusa kai ni ƙasa.

Ga yadda aka yi. Tun da ruwa ya cinye gidajenmu a unguwar Waliya muke zaune a rumfunan kwano, muna jiran filin da aka yi mana alkawari. Masu girma, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Ƙaramin ya yi taron kwana biyar a otal, aka ci kaji saboda tausayinmu, aka fito da hikima: ba za a wahalar da mu da layi ba, zamani ya zo. Za a kira kowa a waya ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, a gaya masa lambar filinsa. Wanda aka kira sau biyu bai ɗaga ba, an ɗauka ba ya so, sai a miƙa wa na gaba. Na gaban kuwa, ku da kanku kun san ƙanin matar wane ne.

Wannan a unguwar da wuta ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba.

Talata da rana tsaka sai ga wutar ta zo. Cajin wayata ya koma ɗan jan layi siriri kamar gashin ido. Na jona, shiru. Na murɗa igiyar, na cije ta kaɗan, shiru. Na karɓi igiyar Jimadum da kan cajarsa, sai ga wani hoto ya fito kamar tsinken auna zazzaɓi. Jimadum tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin yana dukan 'ya'yan mutane da Faransanci. Ya sa tabarau ya leƙa.

"Ta ce zafi ya yi mata yawa, ba za ta ci wuta ba sai ta huce."

"Zafi kawai? Ai da ka faɗa tun ɗazu."

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda ake sanyaya ruwan sha a watan zafi: ka naɗe jarka da buhun algarara, ka jiƙa shi sharaf, ka rataye inda iska ke wucewa. Abin da ya sanyaya jarka guda, waya za ta gagare shi? Na yanko buhu, na tsoma a randa, na naɗe ta kamar jinjiri, na rataye a reshen darbejiya.

Matata Kaltuma tana gasa kisar, siririyar wainar nan tamu, a bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. "Baban Ashta, in ta yi sanyi ka zuba mini kofi ɗaya."

"Ke dai gasa abinki. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a makaranta."

Ta kuwa yi sanyi, a ba ni haƙƙina. Na jona, sai ta yi wani kuka, ɗigon ruwa ya fito a fuskarta.

"Yanzu kuma cewa ta yi ta sha ruwa," in ji Jimadum, yana goge hawayen dariya. "Sarkin kogi ya nutsar da waya a tudu."

Kafin in zage shi, masu wuta suka ɗauke abarsu. Sun cika alkawarin minti arba'in, Allah ya saka musu. Aka kira azahar. Nan fa dariya ta ƙare, don Kaltuma ta ajiye abin da take yi ta ce a hankali, "Damina uku ke nan za mu yi a ƙarƙashin kwanon nan?" Na cusa wayar a aljihu. Na tare babur sai kasuwa.

Remaji ce ke da rumfar caji mai aiki da hasken rana, wayoyi sun fi hamsin a jere kamar kifi a shanya, rabinsu na 'yan unguwarmu. Ta shinshina tawa.

"Baba, wanka ka yi mata?"

"Jinya na yi mata, 'yata."

Ta ɗauki tsinken sakace ta shiga tonon ramin cajin. Ɓawon kifi ya fito. Garin taba ya fito. Zaren aljihu ya fito, dunƙule guda.

"Baba, wannan ba waya ba ce, rumbu ne. Ko ba zafi, ta ina wuta za ta shiga? Kuma ba a jona jiƙaƙƙiya, ƙonewa za ta yi. Sai ta bushe."

Ta jingine ta gaban 'yar fanka. Na tsuguna ina taya fankar da fifita. Wayoyin mutane suna ta kuka, wannan ya ɗaga ya yi hamdala, wancan ya ɗaga ya ce "uwar gida ce" ya yi tsaki. Inuwa ta fara tsawo. Sai da ladan ya fara gyaran murya don kiran la'asar Remaji ta jona, 'yar walƙiya ta fito, na ji kamar an yi mini haihuwa. Ba ta yi minti uku ba ta ɗauki ƙara. Na fizge ta har da igiyar.

"Adum Barka?"

"Shi ne, ranka ya daɗe, shi ne da kansa!"

"Da farko, a madadin Mai Girma Shugaban Kwamiti, uban marasa gida, da Mai Girma Mataimakinsa na ɗaya, da na biyu, da uwargidan..."

"Baba, saura kaɗan ta mutu," in ji Remaji.

"...waɗanda ba sa barci saboda talakawa..."

"Ɗana, Allah ya ba su barci! Lambar! Faɗi lambar!"

"Fili na ɗari biyu da sha biyu, bayan tsohuwar ma'aikatar bulo, gangaren..."

Ɗif. Amma na ji, Remaji ta ji, har ta rubuta mini a hannu. Fili ya zama nawa, ƙanin matar wane ya haƙura.

Jiya muka je gani da Kaltuma. Wuri mai kyau, shimfiɗaɗɗe, ga iska. Ta yi ta murna tana auna inda za ta sa murhu. Ni kam na bar ta da murnarta tukuna. Na san wurin nan fiye da wanda ya zana shi a takarda: duk watan Satumba, in kogi ya yi ambaliya, nan nake jefa taruna, kuma ban taɓa komawa gida hannu banza ba. Masu girma sun yi tunani mai zurfi, zurfin kamu biyu da rabi na hannu in ruwa ya cika filin.