Ranar da Kujerar Surukaina Ta Ƙi Sakina

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida iyayen Hauwa ba, wadda nake nema da aure. Gidansu yana Dutse Alhaji. Baba ya yi ritaya daga ma'aikatar gwamnati, Mama kuma tsohuwar malamar firamare ce, sai suka mai da rumfar tsakar gidansu wurin sana'a. Shi yana sassaƙa kujeru 'yan tsugunno da akushi da muciya, ita tana yi musu zane ta shafe su da banish, man nan da ke sa katako ƙyalli.

Hauwa ta gargaɗe ni cewa Baba ya kori manema biyu, kuma abin da ya tsana shi ne mai nuna ya san abin da bai sani ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. (Ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa ta shiga daidai ba.)

Na sha farar shadda sabuwa dal, na yi sallama. Baba ya nuna mini benci. Ni kuwa don a ce ina da kunya, na ƙi, na waiga ina neman abin da ya fi shi ƙasa. Sai ga wata 'yar kujera a gefe, tana sheƙi, an ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa. Wallahi a raina cewa na yi ado aka yi wa baƙo. Ashe tsarin Mama ne: duk wadda banish ɗinta bai bushe ba ita ake ɗaura wa ƙyalle. Na ja ta na zauna, har ina ƙarawa da cewa, "Baba, wannan aiki ya yi. Da gani na san ya bushe sarai, ai ni ma na ɗan taɓa harkar katako."

Mama ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. "Bar shi, Malama. Oga ya san katako."

Minti biyar ba a yi ba na ji wani sanyi-sanyi yana ratsa wandona. Na ɗan motsa, kujera ta motsa tare da ni. Amma maimakon in yi magana, sai na ƙara sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Baba kuwa ya gyara zama ya ɗauko tarihin aikinsa tun daga ranar da aka ɗauke shi, bai tsallake ko da canjin ofis ɗaya ba. Mama sai miƙo mini zoɓo take daga nesa, inda sai na tashi zan iya karɓa, ni kuma ina ta cewa na ƙoshi. Gumi har cikin takalmi.

Da aka kira la'asar Baba ya miƙe. "To ɗana, tashi mu je masallaci."

Na tashi. Kujera ta biyo ni, ƙafafunta huɗu suna nuna ƙofar gida. Na ji Hauwa ta fashe da dariya a bayan labule, Mama ta toshe baki da mayafi. Da Baba ya ɓamɓare ta, ga furannin da Mama ta zana mata, ja da kore, kwance a bayan shaddata. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma na riga na sallama cewa na zama na uku.

"Awa guda ina jira ka ce Baba na manne," in ji shi. "Ka san katako?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Ƙarya na yi."

"Madalla. Waɗancan biyun ko wannan ba su iya faɗa ba. Ranar Asabar ka zo ka goge ta da samfefa, takardar gurzar katako, don kujerar ta mutane ce."

Da zanen Baba ɗaure a ƙugu na yi sallar nan. Asabar huɗu na yi ina gurzar katako kafin ya ce in turo magabatana.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ci mini shadda yadi biyar: idan ka ji ka fara mannewa, ka faɗa da wuri, domin shiru ba abin da yake yi sai taimaka wa banish ya bushe.