Sirrina a Kan Salatif

Jiya na yi sammako na tafi a kare mini sirrina, kafin azahar kuwa duk wanda ke layi ya san lambar buɗe wayata. Bari in ba ku labarin daki-daki, kamar yadda na saba a aji, don kada na bencin baya su ce ba su ji ba.

Ranka ya daɗe Mai Riƙe da Makullin Sirrin Talakawa, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, shi ne ya kwana yana tunaninmu. Ya lura cewa mu malaman makaranta muna aika wa juna saƙo ta manhajar da muka ga dama, kowa da zaɓinsa, ba wanda ya nemi izini. Abin ya dame shi. Sai ya sa aka ƙera mana sabuwa, wadda aka ce tana kulle saƙo tun daga bakin mai aikawa har kunnen mai karɓa. Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka kawo wata waya ta katako mai tsawon ƙofa, aka ɗaura mata ƙyalle, ya sa almakashi ya yanke, aka yi ta tafi. Motocin rakiyarsa sun tare hanya har rabin ajina suka makara. Ban ga laifinsa ba. Ai babban mutum ba zai zo kare sirri a ƙafa ba.

Maƙwabcina tela ya tare ni a bakin shagonsa, allura a baki, ya ce, "Malam, wai mene ne wannan kulle saƙon da ake ta faɗa?"

Na ce masa ya ɗauka ya ɗinka riga ya sa a akwati ya danna kwaɗo. Makulli ɗaya na hannunsa, ɗaya na hannun mai rigar. Direban da zai kai akwatin zai iya jijjiga shi, ya sansana shi, amma ba zai ga abin da ke ciki ba.

"To wadda kake amfani da ita yanzu fa, ba ta da kwaɗon?"

"Tana da shi."

"To me ya kawo canji?"

"Ita ba a yanke mata ƙyalle ba."

Ya zare allurar daga baki ya ce, "Ita sabuwar, makullanta biyu ne ko uku?" Na ce wannan ban tambaya ba, don an sanar da mu cewa yawan tambaya alamar rashin haɗin kai ce.

Ba a yarda mu sauke manhajar da kanmu ba, kada mu ɓata ta. Sai an je ofis, inda aka buɗe taga ɗaya tal, da akawu ɗaya, saurayi mai fara'a, da biro da farin salatif. Tsarinsa ya burge ni, don ni mai son tsari ne. Kana miƙa waya sai ya ce, "Lamba!" Janareta na ruri a bayan ginin, dole ka ɗaga murya. Shi kuma ya maimaita da ƙarfi don ya tabbatar, ya rubuta a salatif, ya liƙa a bayan wayar don kada ta ɓace masa. Bayan ya saka manhajar ya kwashe tsofaffin saƙonninka zuwa cikinta, sai mataki na ƙarshe, gwajin murya. Zai ƙure sauti, ya danna saƙon murya da ke sama da kowanne, ya ɗaga wayar sama yana gyaɗa kai.

Haka muka ji makanikin malamin tarihi yana cewa motar nan a haƙura da ita, addu'a kawai take bukata. Muka ji surukar malamin wasanni tana tambayar ko ƙafarsa ta karye ne da bai zo gaishe ta ba. Wata abokiyar aikinmu da muke kira Gidan Rediyo tun safe aka gama mata, amma ta samu benci kusa da taga ta zauna, ta ce tana jiran rana ta yi sanyi.

Ina cikin dariyar malamin wasanni sai na tsaya cak. Na tuna saƙon da ke sama a tawa wayar.

Da asuba mahaifiyar wata yarinya a ajina ta aiko mini da shi, saƙon murya ne. Likita ya tabbatar 'yarta na da farfaɗiya. Ta faɗa mini abin da zan yi in ta faɗi a aji, da wanda zan kira. Sannan ta ce, "Malam, don girman Allah kada kowa ya ji. In yara suka sani ba mai zama kusa da ita, ita kuma makarantar nan ce duk farin cikinta." Ta ambaci sunan yarinyar, ta ambaci ajin. Sau ɗaya na saurara, ina sauri in kama layi.

Da aka zo kaina na sunkuya a taga na ce, "Ɗana, ka bari in danna lambar da kaina, gwajin muryar nan kuma a tsallake shi."

"Baba, umarni ne daga sama. In ban gwada ba ba zan sa maka alama ba. In babu alama kuwa, kana cikin marasa haɗin kai."

"To in yi sabon saƙo yanzu, in ce gwaji, gwaji, sai ka kunna shi."

Ya ɗan yi tunani, don yaron kirki ne. Ya ce, "Ba a ce sabo ba, Baba. An ce na ciki."

Gidan Rediyo ta gyara zama. "Malam, me ke cikin wayar nan ne haka? Mu dai mun san ka salihi."

Na karɓi wayata na fita daga layi, ana ta kirana, "Malam, ina za ka, ga shi an zo kanka!" Na samu lungu a ƙarƙashin matakala, na rage sauti, na manna wayar a kunne. Abin da nake sa yara su yi, shi na yi. Na saurara, na maimaita a zuci, na sake saurara. A janye benci daga kusa da ita. A sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta. A juya ta ta gefe. Kada a cusa mata komai a baki, kada a danne ta. Lambar kawunta ma na haddace ta kamar jadawalin sau. Da na tabbatar ya zauna, na goge saƙon, na koma can ƙarshen layi, bayan wani malami da ke cin gyaɗa yana zuba mini ɓawo a takalmi.

Rana ta take sosai kafin a sake zuwa kaina. Na faɗi lambata da ƙarfi kamar mai kiran sunayen 'yan aji, aka liƙa mini salatif. Hankalina kwance. Abin da ban yi ba shi ne duba saƙon da ya hau sama bayan na goge wancan. Akawu ya ƙure sauti ya danna, sai ga muryar maiɗakina ta cika harabar:

"Baban yara, in ka taso ka biya ka sayo dayis ɗinka, wancan ya ƙare. Furfurar ta fara leƙowa ta gefen kunne. Kuma ka sayi mai kyau, na wancan karon duk ya ɓata mini matashin kai."

Jama'a, ni ne na shekara ina gaya wa ɗakin malamai cewa baƙin gashi gadon gidanmu ne. Malamin wasanni ya riƙe ciki ya durƙusa don dariya. Gidan Rediyo ta miƙe ta ɗauki jakarta, rana ta yi mata sanyi nan take. Akawu ya gyaɗa kai ya ce, "Murya na fita tangaran, Baba," ya sa mini alama.

Yau da safe wani ya ajiye mini mataji a kan tebur. Na gode masa, ko wane ne. Yarinyar kuwa tana bencinta, ƙawayenta biyu sun matse ta suna rigima a kan abin goge fensir, na bar su suka ɗan yi kafin in tsawata. Na kira mahaifiyarta na ce in da wata magana ta zo mu yi baki da baki a ƙofar aji.

Ranka ya daɗe, ba ƙorafi nake ba, ni wa? Tuni kawai nake, irin na malami. Wayar da ke aljihuna ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai amanar mutane a ciki, waɗanda ba su zo layi ba, ba a kuma tambaye su ba. In za a kulle mana akwati, a bar mu mu zaɓi kwaɗon, a bar makullin a hannunmu. Ku kuma 'yan'uwa masu karatu, in an taɓa sa ku faɗin lambarku a bainar jama'a, ku canza ta yau, ku ɓare salatif ɗin.

Manhajar dai dole in yaba mata. Tun da aka saka ta, in na danna sai ta yi ta juyawa, ta ƙi buɗewa. Ban taɓa ganin tsaro irin wannan ba: yanzu ba mahaluƙin da zai iya karanta saƙonnina, har da ni.