Ruwan da Na Saukar a Mpape

Ofishinmu na Utako ba shi da taga, shi ya sa lokacin hutu nake toshe kunnuwa da iyafis in shiga wani ɗan wasa a waya. Ba harbi, ba tsere. Kai kaɗai ne a tsohon gida mai duhu, kana nazarin yadda za ka buɗe ƙofofi. Na sha gaya wa abokan aiki cewa wasan na masu lura ne, irina.

Ran nan, ana tsakiyar zafin Maris, na ji tsawa, sai yayyafi a kan kwano. Nan take na kira matata a Mpape.

"Hadiza, ruwan farko! Yana nan tafe wajenku, fito da bokitai!"

"Baban Amira, rana fa ake ƙwallawa."

"Ni da ke, wa ke cikin gari?"

Ta sallami mai ruwa, ta jera bokitai. Maƙwabta suka gani, su ma suka sallame shi.

Da aka kira la'asar na cire iyafis, sai ruwa ya ɗauke cak.

Ranar ba wanda ya yi wanka a layinmu. Har yau in na ɗauko waya, sai Hadiza ta leƙo: "Oga, in kwashe shanya?"