Taraktar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tuƙa taraktar surukina a gaban jama'a ba.

Surukina, wanda muke kira Baba, yana da ɗan fili a lambunan haya da ke bayan garin Vaulx-en-Velin, nan Faransa, inda yake shuka yakuwa da kuɓewa. Filin a kwari yake, ruwa kaɗan sai ya zama taɓo. A shekarar aka yi masa aiki a gwiwa, ciyawa ta cinye wurin, sai kwamitin lambun ya aiko da takarda: in ba a nome filin kafin ƙarshen Afrilu ba, za a ba wani. Matata Hadiza ta ce kwana biyu Baba bai taɓa tuwonsa ba.

Yana da wata tsohuwar ƙaramar tarakta ja, wadda ta girme ni. Tayoyin baya kaɗai ke ja, saboda haka da ta shiga taɓo sai ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya. Na sanar cewa zan mayar da ita kat-kat, wato tayoyi huɗu duka su riƙa ja. (Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo kafin in zo Faransa, kuma aikin ya bar mini wata cuta: in na faɗi abu da murya mai nauyi, har ni kaina yarda nake yi.)

Na samo pon, ƙarfen nan da ke haɗa tayoyi biyu yana juya su, a wurin masu sayar da tsofaffin injuna. Bai zauna daidai a gaban taraktar ba, sai na kifa shi, ya shiga cif. Mai walda ya haɗa sauran. Mako uku ban yi barcin kirki ba. A cikin metro ma, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, lissafin tayoyi nake yi.

Tsakanina da Baba akwai kunya irin ta gida. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa yin magana ido da ido ba bayan gaisuwa. Komai sai ta bakin Hadiza. Wata rana ya zo da sandarsa, ya daɗe yana kallon gaban taraktar, ya tafi. Da yamma Hadiza ta ce, “Baba ya ce aiki ya yi kyau, amma da ka ɗaga ta ka gwada kafin ka kai ta fili.”

Na ce ta gaya masa an gwada. Kuma ban yi ƙarya ba. Na ɗaga ta a kan jak cikin rumfar da ake ajiye ta, na tayar da inji. Rumfar matsattsiya ce, don haka na leƙa tayar gaba daga hagu, na ga tana juyawa kamar hannun agogo, na rubuta. Na zagaya na leƙa ta baya daga dama, ita ma kamar hannun agogo, na rubuta. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin kalmar “daidai”.

Ranar Asabar, saura kwana huɗu wa'adi ya cika, mutane suka taru, domin na aika wa duk 'yan ƙasarmu da ke unguwar saƙon murya (da kanun labarai da komai). Shugabar kwamitin ma ta tsaya a bakin shinge da takardunta. Aka turo taraktar zuwa bakin filin, na hau. Na yi ɗan jawabi. Na sa giya, na saki kuloci.

Tayoyin baya suka tura gaba. Na gaba suka tura baya.

Taraktar ta yi wani nishi, ta girgiza, ta shiga tona rami da ƙafafu huɗu kamar kazar da ke neman tsutsa. Laka ta tashi ta gaba da ta baya, rabi a kan farar rigar Baba, rabi a kan takardun shugabar. Ni kuma, maimakon in kashe, sai na ƙara wuta, ina ganin ƙarfi ne bai isa ba. Kafin in dawo hayyacina ta nutse har ciki, ƙafafuna suna taɓa ƙasa ina zaune a kujera. A nan ne na gane abin da ɗan firamare ya sani: wanda ya kalli taya daga hagu da wanda ya kalle ta daga dama ba hannun agogo ɗaya suke gani ba. Kifa pon ɗin nan ya juya tafiyarsa, kuma Baba ya gani tun ranar farko.

Baba ya share laka daga gemunsa. Bai kalle ni ba. Ya juya wajen 'yarsa, da murya a hankali amma kowa ya ji: “Hadiza, ki gaya wa maigidanki, rabin taraktar ya yarda da shi.”

Kwana huɗun nan na ɗauki hutu daga aiki, na nome filin da shebur da hauya, hannuna duk bororo. Shugabar ta zo ranar Laraba, ta duba, ta sa hannu, ta tambaye ni ko ramukan nan huɗu na dashen itatuwa ne. Na ce muna tunani.

Filin ya tsira. Daga baya muka juya pon ɗin tare da Baba, yana zaune kan kujera yana gaya wa taraktar abin da ya kamata a yi mata, ni kuma ina yi.

Tun daga ranar, in Hadiza ta kawo saƙon da ya fara da “Baba ya ce ya yi kyau”, ba na murmushi. Biro nake ɗauka, in jira “amma”.