Kujerun da Na Ɗauka An Wanke

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ce ni zan zaɓa wa gidanmu jirgin ruwa ba. Ni, 'yar unguwar Hindawiyya ta Makka, da ko malama ta kira sunana a aji sai muryata ta maƙale.

Na ci jarrabawa, sai Kawu Sale ya kwashe mu daga Makka zuwa bakin teku a Jidda, ya ce yau ranata ce. 'Yarsa Rawan, sa'ata, a Jiddan ta tashi, kuma tun a mota take tsokanata: "Ku 'yan Makka wane ruwa kuka sani ban da na jarka?" Na ƙudura a raina yau sai ta janye maganar nan.

Jirage biyu masu inji muka tarar. Babban yana da rumfa da banɗaki, sai dai fentinsa ya fara ɓarewa, ga tsofaffin tayoyi rataye a gefensa. Ƙaramin fari ne fes, hancinsa a ɗage, mutum biyar yake ɗauka. Na duba komai a tsanake (abin da na iya ke nan), har na lura kujerun babban a bushe suke, na ƙaramin kuwa a jiƙe, har ruwa na ɗiga.

"Yalla ya binti, maza 'yata, wanne?" in ji Kawu.

Na ɗaga murya yadda Rawan za ta ji: "Ƙaramin. Ya fi tsabta, kun ga yanzu aka wanke kujerunsa."

Matuƙin ƙaramin jirgin ya dubi Kawu. Kakata Hajiya ta rungume fulas ɗinta ta ce, "Ni dai inda shayina ba zai zube ba." Ta shige babban tare da Umma da ƙannena. Ni da Rawan da Kawu muka shiga ƙaramin.

A garinmu, in ka ga abu a jiƙe, wani ne ya wanke shi. Ban taɓa tunanin teku ma tana wanki ba.

Muna barin gaɓa babban ya wuce mu a natse, igiyar ruwan da ya bari ta ɗaga namu sama ta doka. Ruwan gishiri ya mare ni, ya cika mini baki, sabuwar abayata ta manne a jiki. Na zube ƙasan jirgin, na cafke ƙafar Rawan, na kurma kalmar shahada da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba. (An ce har na ƙara da "Ku ce wa Umma ta yafe mini!", alhali Umman tana can kusa tana jin komai.)

Da na buɗe ido, ga gaɓa nan, har ina hango motarmu. Ga Hajiya ƙarƙashin rumfa tana kurɓar shayi tana ɗaga mini hannu.

Rawan ta sunkuyo, dariya har da hawaye: "Halas, shi ke nan, ke ma an wanke ki. Sakar mini ƙafa."

Har yau a gidanmu, in wani ya zubar da ruwa a kan kujera, sai a kira ni in zo in duba ko tsabta ce. Ni kuwa na koyi abu ɗaya: in zaɓi ya taso, ba na ƙara duban fenti. Ina duban inda Hajiya ta ajiye fulas ɗinta.