Walat 'Yar Beljiyam

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kakuri ba, ko da yake wallahi na yi ƙoƙarin mantawa. Abin da ya kusa salwanta naira miliyan shida ne: kuɗin motata da na sayar, da adashin da na kwasa, da abin da na daɗe ina matsewa daga riba. Na tara su ne don in sayi shagon da nake haya, wanda mai shi ya ce zai sayar min in ya gama shawara da 'ya'yansa.

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota na hannu, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. A layinmu akida ɗaya ce: tsoho ya fi sabo. Ka kawo min kaya a leda yana ƙyalli, in ce jabu ne. Ka kawo mai tsatsa da baƙin mai, in ce wannan ya yi aiki a Turai, ya ga duniya. Da wannan akidar na gina gida a Unguwar Mu'azu, don haka ban ga mai koya min sayen kaya ba.

Ganin yadda naira ke narkewa, sai na mayar da kuɗin kirifto, irin wanda ke bin farashin dala. Aka ce min kuɗin da za su daɗe ba a barinsu a manhajar waya, walat ake saye, wata 'yar na'ura kamar filashi. Na tambayi kuɗin sabuwa, aka faɗa, na ce a sauka lafiya.

Ana haka sai ga wani mutum mai kwat da jaka ya shigo layinmu. Ya fito min da walat, gefenta duk ya kode. Zuciyata ta kwanta nan take.

“Alhaji, 'yar Beljiyam ce,” in ji shi. “An riga an saita ta, ba sai ka wahala ba. Ga katin kalmomin sirri, ka kankare kamar katin waya. Amma kada ka faɗa wa kowa, ko Hajiya.”

A sana'armu “an riga an saita” yabo ne. Ya ce dubu hamsin, na taya ashirin, muka daidaita a talatin da biyar. (Har na ɗan tausaya masa, ina ganin na cuce shi.) Na kankare katin, na tura kuɗina ciki, na ja bakina na yi shiru.

Bayan 'yan makonni na duba. Miliyan shida sun zama takwas. Na goge ido na sake dubawa: takwas. Mai hankali zai tambayi daga ina. Ni cewa na yi, ka ga aikin Beljiyam! Babbar Sallah ta matso, sai na ciri dubu ɗari huɗu daga cikin “ribar” na sayi rago irin wanda ake tsayawa kallo. Har cinya guda na aika wa maƙwabcin shagona, Oga Emeka, mai sayar da batir, ya bugo waya yana ta sa min albarka.

Baki bai iya riƙe riba. Kafin taron ƙungiyar 'yan layi na wata, kowa ya ji cewa Alhaji na da akwatin da kuɗi ke haihuwa a ciki. Shugaba ya ce in tashi in wayar wa jama'a kai. Na sa babbar riga na tashi.

Na yi bayani kamar malamin jami'a. Na caccaki masu barin kuɗi a waya. Na caccaki masu sayen sabon abu don ƙyalli. Na ɗaga walat sama, na ɗaga katin (na rufe kalmomin da yatsa, ni mai wayo), na ce, “Shida na zuba, ban yi komai ba, miliyan biyu suka hau kai.”

Sai na ga Oga Emeka ya miƙe a hankali, yana laluben aljihu.

“Alhaji, tsaya tukun. Nawa ka ce ya hau?”

“Miliyan biyu cif.”

“Ni kuma biyu na zuba, na buɗe na ga takwas.” Ya fito da irin walat ɗina da irin katina. “Har shaida na bayar a coci. Na yi wa cocin alkawarin sabon rufi. Jibi Litinin zan cire kuɗin in kai wa mai kwano.”

Madam Ladi, ma'ajin ƙungiya, mai sayar da man inji, ita ce ta daɗe tana biyan masu kawo mata kaya da kirifto. Ta miƙo hannu ta karɓi katunan biyu, ta jera su a kan tebur, ta duba wannan ta duba wancan.

“Alhaji, Oga Emeka, ina taya ku murna,” ta ce. “Kun buɗe asusun haɗin gwiwa. Kalmominku ɗaya ne tun daga ta farko har ta ƙarshe.”

“To dubu ɗari huɗun da suka ɓace fa?” in ji Emeka. “Ni na ɗauka mutanen ƙauyenmu ne suka biyo ni da asiri. Azumi na yi a kai!”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da babbar rigata. Na ce cikin ƙaramar murya, “Rago na saya.”

“Wane rago?”

“Wanda ka ci cinyarsa.”

“Chineke! Ragona na ci nake maka godiya?”

Dariyar da aka yi, har masu Keke Napep sun tsaya a bakin titi. Wani daga baya ya ɗaga murya, “Alhaji, saura ƙiris ka yi wa coci rufi, Allah ya ba da lada!” Shugaba yana buga tebur, shi ma hawaye na zubo masa.

Madam Ladi ce ta katse dariyar. “Ku gama tukun. Wanda ya buga katin nan, shi ma yana da kalmomin. Jira yake kuɗin su ƙara ƙiba ya kwashe. Kuma ban san mutum nawa ya sayar wa irinsa ba.”

Ban san ina iya gudu da babbar riga ba sai ranar. Ni da Emeka muka bi ta zuwa shagonta, rabin ƙungiya na biye da mu. Ta buɗe wa kowannenmu sabon asusu a wayarsa na wucin gadi, ta kore mu lungu daban-daban mu kwafi sababbin kalmominmu da hannunmu. Sannan aka fara turawa. Sabis ya ga dama ya tsaya, abin yana ta juyawa. Ina salati, Emeka na kiran Yesu, kowa na roƙo a kan walat ɗaya. Nasa ya fara wucewa, na ce ban yarda ba, nawa ya fi yawa. Da nawa ya shiga, sai na zauna daɓas a kan jarkar mai.

Daga baya na yi odar sabuwar walat daga kamfanin da ke ƙera ta, a rufe cikin ledarta, tana ƙyalli. Na'urar da kanta ta fitar da kalmomin a gabana, ba wanda ya gani sai ni. Mai kwat kuwa ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ga lissafi. Dubu talatin da biyar sun tafi. Dubu ɗari huɗu na mayar wa Emeka, bai rage min ko kuɗin cinya ba. Na ƙara da bandir ɗin kwano guda gudummawa, don ya samu abin faɗa wa fasto. Miliyan shida sun tsira, da su na sayi shagon, yanzu nawa ne. Darasin da na saya da tsada shi ne, injin da wani ya mora yana iya zama alheri, amma makullin da wani ya riga ka riƙewa, ko kyauta aka ba ka, ya yi tsada.