Ƙayar da Ke Ƙafar Tabawa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, inda kogi yake lanƙwasa kafin ya bazu ya zama fadama, dabbobi sun kafa jami'a a gindin wata tsohuwar tsamiya. Inuwar gabas suka ware domin koyar da aikin likita, ta yamma kuma ta zama asibiti, inda ɗalibai suke koyo a jikin marasa lafiya. A ganyen gamji malamai suke rubuta bincikensu, in ya bushe a jera shi a kogon wata kuka. Gara ce kaɗai take shiga kogon nan kullum, kuma tsakani da Allah ba a taɓa samun mai bin rubutun malamai layi-layi kamarta ba.

Wata safiya wata gauraka mai suna Tabawa ta zo asibitin tana ɗingishi. Tana kiwo ne a bakin fadama ta taka ƙayar aduwa, ƙayar ta karye can cikin tafin ƙafarta ta hagu. Ta ce wa mijinta Tanimu ya jira ta, yanzu za ta je a cire ta dawo, domin hadari ya fara haɗuwa, kuma ranar ruwan farko ce gauraki suke rawarsu ta shekara. Kowace da mijinta take yi, gauraka ba ta rawa da wanda ba nata ba. Tabawa da Tanimu sun yi damina goma sha ɗaya suna shiga fili tare, ba su taɓa fashi ba.

Tun daga nesa Farfesa Babba-da-jaka ya hango tafiyarta. Dogon tsuntsu ne mai sanƙo, baƙaƙen fukafukansa a naɗe a baya, yana zagayen safe da ɗalibai a bayansa. Ya tsayar da ita, ya ce ta koma ta sake tahowa. Ta koma ta taho. Ya ce ta ƙara. Idanunsa suka ciko da ƙwalla don murna, ya gaya wa ɗalibai cewa shekararsa talatin yana koyarwa bai taɓa ganin irin wannan ɗingishi ba: ƙafa ta taɓa ƙasa, ta janye, wuya ya karkata dama.

"Ranka ya daɗe, ƙaya ce," in ji Tabawa.

Farfesa ya yi murmushi, ya umarci ɗalibai su rubuta cewa mara lafiyar tana da nata zato game da asalin ciwon, kuma a girmama shi. Kafin azahar an raɗa wa ciwon suna Ɗingishin Babba-da-jaka. Aka kawo curin laka, aka karanta mata wani dogon bayani, aka ce ta dangwala ƙafa. Ita ta ɗauka haka ake shiga layi. Ashe ta amince ne a bi ciwonta damina huɗu cur ba tare da an taɓa shi ba, don a ga yadda yake tafiya in an ƙyale shi.

Kada a ce an wulaƙanta ta, ba a yi ba. Inuwa mafi sanyi aka ba ta, ana kawo mata fara da tsabar ciyawa sau uku a yini. Aikinta kawai ta yi taku goma gaba, goma baya, ɗalibai suna tsaye daga nesa suna kallo. Lokacin jarrabawa ma a kanta ake yi. Tabawa mai tausayi ce, in ta ga ɗan kurege ya daburce gumi na keto masa, sai ta ƙara wa ɗingishin gishiri don ya gane. Ɗalibai goma sha bakwai suka rubuta kundin digiri a kanta. Wani zomo ya gano cewa ɗingishin ya fi tsanani ranar Talata, aka tafa masa.

Da farko Tanimu yakan zo dubiya. Sai aka lura cewa duk ranar da ya zo Tabawa takan miƙe wuya, ta danne zafin, ta yi tafiya kusan daidai don kada hankalinsa ya tashi. Wannan yana ɓata awo, saboda haka aka roƙe shi cikin ladabi ya dakata da zuwa har a kammala.

Haka damina uku suka wuce. Kowace shekara tana tambaya, ana ce mata bayan jarrabawa. In rana ta take, asibiti ya yi tsit, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya ta lumshe ido, fadamar ta zo mata har inuwar tsamiya. Takan ga ruwa ya kwanta iya idon sawu, sararin sama a cikinsa. Takan ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Gauraki su yi da'ira, tukkayensu masu ruwan zinariya suna rawa tun kafin ƙafafu su fara, sannan Tanimu ya rusuna mata, ya tsinko ɗan kara da baki ya cilla sama, su daka tsalle tare. A mafarkin nan ba sa saurin saukowa. Sukan tsaya can sama, iska na ratsa gashinsu, har sai wani ɗalibi ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, don Allah taku goma." Tana kewar mijinta, kewa mai ciwo, wadda ta fi ƙayar.

Akwai wata balbela mai aikin jinya, Sista Kande, fara fat, mai siririn baki, ba ta da yawan magana. Ita take wanke wa Tabawa ƙafa kowace safiya, don wanki bai shiga cikin abin da aka hana ba. Tun satin farko ta ga ɗigon baƙi a tafin ƙafar, ta rubuta a ganye ta kai wa Farfesa. Ya gode mata, ya ce abin da nas ta gani labari ne, ba hujja ba. Ranar Laraba kuma Sista Kande ce take zagaya tsofaffin daji a gidajensu, waɗanda ba sa iya zuwa asibiti. A bana ta tarar sunan Tanimu ya shiga cikinsu. Yanar ido ta fara rufe masa gani, fukafukansa sun yi nauyi. Maƙwabta suka gaya mata cewa duk ranar rawa yakan tsaya a gefen fili shi kaɗai, fuskarsa na kallon wajen tsamiya. Da za ta tafi ya ba ta saƙo.

"Ki ce mata kada ta yi gaggawa. Amma in da hali, bana."

Sista Kande ta isar da saƙon yadda aka ba ta, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ranar Tabawa ko fara ɗaya ba ta ci ba. Washegari Sista ta kai maganar gaban Majalisar Jami'a.

Shugabar majalisar Farfesa Hawainiya ce, wadda ta yi suna wajen adalci, don kowane idonta da ɓangaren da yake kallo, kuma launin duk wanda ya yi magana a ƙarshe take ɗauka. Aka ba Sista Kande izini, ta tsaya ta ce:

"Ranki ya daɗe, ni ba malama ba ce, wankin ƙafa na sani. Akwai ƙaya a ƙafar baiwar Allahn nan. Na gan ta, ina taɓa ta da bakina kullum. In an ba ni izini zan cire ta kafin a gama gaisawa. Mijinta ya tsufa, damina ɗaya ta rage masa ta rawa, wataƙila ma ba ta cika ba. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Hawainiya ta yi fari fat, ta gyaɗa kai. Sai Farfesa Babba-da-jaka ya miƙe, ya gyara fukafukai.

"Ya shugaba, 'yan majalisa masu girma. Babu mai ƙaunar Tabawa kamar ni. Ina gaishe ta kafin in gai da iyalina. Amma mu tambayi kanmu, don wa muke bincike? Don gauraka ɗaya, ko don dukan gaurakin da za a ƙyanƙyashe nan gaba? Damina uku muka yi muna tara ilimi, saura ɗaya rak. A ce ma akwai ƙayar, wa ya tabbatar ita ce take kawo ɗingishin? Ina dabbobin da ke yawo da ƙaya ba sa ɗingishi? Wa ya ƙirga su? In Sista ta cire, Tabawa ta warke, me muka koya? Wataƙila dama lokacin warkewarta ne ya yi. Wataƙila sauyin iska ne. Sai mu wayi gari da lafiyayyiyar gauraka da duhun kai. Ga kuma ɗalibai arba'in da za su zauna jarrabawa sati mai zuwa. A kan wa za su zauna? Ni ban ce kada a tausaya ba. Cewa na yi a tausaya bisa ƙa'ida."

Hawainiya ta koma baƙa. Ta daɗe tana juya idanu, ɗaya a kan Sista, ɗaya a kan Farfesa, sannan ta yanke hukuncin da har yau ake koyar da shi. Ta ce duka biyun suna da gaskiya, don haka za a gwada. Za a raba masu wannan ciwo gida biyu, rukunin farko a cire musu ƙaya, na biyu a bar musu, a ga bambanci. Kuma don kada son rai ya shiga, ƙuri'a ce za ta raba.

Aka kawo ƙwarya da tsakuwa biyu, fara da baƙa, aka rufe da ganye. Aka kira duk masu Ɗingishin Babba-da-jaka su fito. Tabawa ta ɗingiso. Ta zura baki ta ɗauko baƙa, ta rukuni na biyu.

Majalisa ta yi ajiyar zuciya, kowa na yaba yadda aka yi abu a fili ba rufa-rufa. Tabawa ta ajiye tsakuwar, ta tambaya a hankali su wa ke nan za a cire wa. Aka ce 'yan rukunin farko. Ta ce su waye a ciki. Aka ce babu kowa tukuna, amma ƙofa a buɗe take.

Bayan kwana huɗu hadari ya taso daga gabas da hantsi, iska ta yi sanyi, ganyen tsamiya ya fara zuba. Malamai da ɗalibai duk sun tafi inuwar gabas wajen laccar shekara, wadda Farfesa yake gabatarwa a kan muhimmancin sauraron mara lafiya. Sista Kande ta zo da ruwan wanki, alhali ta riga ta yi wankin safe.

"Yaya, ɗago ƙafar."

Tabawa ta gane. Ta ce ai ta dangwala a laka, alkawari ne, ga yaran nan da jarrabawa, ga ita kanta Sista da za a kora.

"Duk na sani, Yaya. Ɗago."

Ta ɗaga. Siririn bakin ya shiga, zafi ya ratsa ta har tukku, shi ke nan. Sista ta ajiye abin a kan ganye. Bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Tabawa ta tsura masa ido, ta ji wani baƙin ciki ya taso mata wanda ba ta taɓa jin irinsa ba, ta rasa haushin wa za ta ji, har da na kanta. Sista ta matse wurin, ta shafa magani, ta ce in tsayawa kallo za ta yi ruwa zai riga ta.

Gauraka sai ta yi gudu take iya tashi. Takun farko Tabawa ta karkata wuya dama don sabo, na biyu ma haka. A na biyar ƙafar ta tuna aikinta. Ta buɗe fukafukan da suka shekara uku a naɗe, ta bi ta saman inuwar gabas, inda ta jiyo muryar Farfesa yana cewa kunne shi ne kayan aikin likita na farko.

Ta iso fadama ana yayyafi. Komai yana nan yadda take ganinsa da rana tsaka, sai dai filin ya fi na mafarkin ƙanƙanta, kuma rabin masu rawar ba ta san su ba. Tanimu yana gefe, tukkunsa ya yi furfura, ruwa na ɗiga daga bakinsa. Ta sauka gabansa, ya kalle ta bai gane ba, ya ce baiwar Allah ta matsa kaɗan, tana tare masa hanyar tsamiya. Sai ta yi kiran nan nasu na gauraki, mai fita daga ƙirji. Nan take ya gane ta.

"Kin daɗe," ya ce.

"Layi ne, Malam."

Ya rusuna mata. Ya laluba ya tsinko kara, ya cilla, karan bai wuce kansa ba. Suka yi tsalle. Sau uku ya iya, ta ƙirga, don zaman jami'a ya koya mata ƙirga. A na ukun sun ɗan jima a sama, ko kuwa ita ce ta ga haka. Daga nan ya tsaya yana haki, ya jingina wuyansa a nata, ruwa ya kece sosai, sauran gauraki suka ci gaba da zagaya su.

A jami'a kuwa an ɗage jarrabawa. Sista Kande aka janye ta daga wajen marasa lafiya, aka tura ta kwas na shekara guda a kan ɗa'ar bincike. Farfesa ya cika damina ta huɗu yana zuwa inuwar yamma kowace safiya, yana rubuta cewa mara lafiyar ba ta halarta ba, sannan ya fitar da rahotonsa, majalisa ta amince da shi baki ɗaya. Rahoton ya tabbatar da cewa Ɗingishin Babba-da-jaka ba ya jin magani, domin a cikin duk waɗanda aka bi har ƙarshen binciken, ba a samu ko ɗaya da ya warke ba.